A sayi masara a hannun manomi tun da kaka

Malam Edita,

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da aka cire wa ɓawo na kwana 150. Mai saye ya ɗan sarara, amma wanda ya noma fa?

Hekta ɗaya ta masara na cin irin shuka kilo 20, da buhu 8 na takin NPK 15-15-15 cikin mako 2 da shuka, sai buhu 2 da rabi na yuriya a mako na 5 zuwa 6. Takin tallafi kuwa sau da yawa sai Agusta yake isowa, masara ta riga ta fitar da bunu, ganyen ƙasa ya yi rawaya. Zuba taki a lokacin asarar kuɗi ce. Wanda ya ci bashi ya sayi taki a kasuwa kuma, dole ya sayar da masararsa a Oktoba, lokacin da farashi ke ƙasa. 'Yan kasuwa su kwashe, su ɓoye, su fito da ita da bazara da tsada.

Shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya don ba manoma rance, da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya ba da bashi, amma rancen ya sha makara, biyan kuma ya yi wuya.

Muna roƙon a sanar da mafi ƙarancin farashin buhun masara tun Afrilu, kafin shuka, gwamnati ta saya da kaka ta cika rumbunanta, taki kuma ya isa ƙananan hukumomi kafin ƙarshen Mayu.

Wasu malaman gona,
Zariya.