A Riƙa Tunawa da Masu Kantuna Bayan Ambaliya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani ɓangare na aikin agaji da ba a cika waiwayarsa ba, wato halin da masu kantunan kayan masarufi da direbobin da ke kawo musu kaya suke shiga bayan bala'i ya lafa. Ni mai sayar da hatsi ne a nan Sakkwato, kuma abin da na gani da idona ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu ba mu san mahaukaciyar guguwar teku ba, amma akwai darasi a cikin abin da ya sami tsibirin Puerto Rico, wanda ke ƙarƙashin Amurka, lokacin da guguwar Maria ta afka masa a watan Satumba na 2017. Tsibirin yana shigo da kusan kashi 85 cikin ɗari na abincinsa daga waje. Jiragen ruwa sun kawo kaya, amma dubban kwantenoni suka jibge a tashar San Juan, saboda hanyoyi sun toshe, man dizal ya yi ƙaranci, ga kuma rashin direbobi, waɗanda su ma bala'in ya shafi gidajensu. Kantunan da suka samu suka buɗe kuwa ba wutar lantarki, kayan firji sun lalace, na'urar karɓar kuɗi ta kati ba ta aiki. Abinci na nan, amma bai isa bakin mai jin yunwa ba.

Wannan labari ba baƙonmu ba ne, sai dai mu tamu guguwar ita ce ambaliya. Wanda ya zauna a Sakkwato a 2010 bai manta da yadda Gulbin Rima ya cika ya batse a watan Satumba ba, har ya yanke gadar da ke kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mutane suka koma ƙetarewa da kwale-kwale. A 2022 ruwa ya shafe hanyar Lokoja a wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya, kuma duk wanda ya loda albasa daga Gada ko Goronyo zuwa kudu ya san abin da kwana uku a cikin rufaffiyar mota ke yi mata. A Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Kasuwar Monday ta Maiduguri, ya cinye jarin mutane masu yawa a dare ɗaya.

Akwai wani maƙwabcina mai ƙaramin kanti wanda ruwa ya shigar wa cikin dare a wata damina. Da gari ya waye muka tarar buhunan sukari sun narke, fulawa ta zama kunu, kwalayen taliya da sabulu sun jiƙe sun manne da juna. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne littafin bashi, wanda tawadarsa ta wanke, alhali rabin unguwar a wajensa suke karɓar mudun shinkafa da kwalbar mai sai ƙarshen wata su biya. Shi ma kayan bashi ya ɗauko daga dila. Da masu rabon agaji suka zo, sun rubuta sunayen magidanta, sun raba tabarmi da buhunan shinkafa, Allah ya saka musu, amma ba wanda ya tambayi mai kanti asararsa, domin a ganinsu ɗan kasuwa mai hali ne. Shinkafar agajin ta ƙare cikin mako biyu, kantin kuwa ya yi wata uku a rufe, mata suka koma biyan kuɗin Keke Napep zuwa babbar kasuwa domin sayen gishiri da magi, inda ba mai ba su bashi.

Saboda haka nake kira ga hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwararta ta jiha su sanya ƙananan 'yan kasuwa cikin ƙididdigar asara tun ranar farko, su kuma nemi shugabannin kasuwa, waɗanda suka san kowa da rumfarsa, domin tantance gaskiya. Rance marar ruwa, wanda zai isa mutum ya cika kantarsa sau ɗaya, ya fi masa amfani da jaje. Inda kasuwa ke ci, a ganina ya fi kyau a ba mabuƙata kuɗi ko takardar karɓar kaya a kantin unguwarsu, maimakon a kawo tirelar shinkafa daga nesa, domin kuɗin zai ciyar da gida kuma ya tayar da mai kanti.

Mu 'yan kasuwa ma da namu laifin, don har yanzu da yawanmu a dandaryar ƙasa muke jera buhu, alhali katako da bulo huɗu za su iya tsirar da shi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Ina roƙon gwamnatin jiha ta zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi kafin watan Agusta, a tantance gadoji da kwalbatocin da ke kan hanyoyin Goronyo, Wurno da Illela, a kuma ware rumbunan ajiya a kan tudu inda za a iya kwashe kaya idan an sanar da sakin ruwa daga madatsa.

Wassalam.

Naku,
Wani mai sayar da hatsi,
Sakkwato.