Hula ba kwalliya ba ce kawai, Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Na karanta rubutun da kuka buga kan huluna, ya yi daɗi kam, sai dai gaskiya marubucin ya tsaya ne a kan ado kawai, wacce ta dace da wane kaya, wacce ake yayi, shi ke nan. To ni dai ban gamsu ba. Ai abin da mutum ya ɗora a kansa magana yake yi tun kafin mai shi ya buɗe baki, shi ya sa ma gwamnatoci suka sha tsoma baki a ciki.

Dubi Turkiyya. A 1829 Sarki Mahmud na biyu ya tilasta wa ma'aikatan daular Usmaniyya su ajiye rawani su sa dara, a lokacin dara ita ce alamar zamani, mutane suka yi ta gunaguni. Ba a cika shekara ɗari ba, a 1925, shugaban ƙasar Mustafa Kemal Ataturk ya zo da dokar hula ya ce dara ci baya ce, kowa ya koma malafa irin ta Turawa, aka yi bore a garuruwa irin su Erzurum da Rize har sai da aka rataye mutane, a kan hula fa! Hular da kakanni suka ƙi karɓa ita ce jikoki suka mutu a kanta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ma'anar ba a jikin yadin take ba, mutane ne ke ɗora mata. Haka sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, tun rikicin Suez na 1956 suke sa shuɗiyar hula don a hango su daga nesa a san ba abokan faɗa ba ne. A cocin Katolika ma, Fafaroma farar hula yake sawa, kadinal, wato babban limamin da ke ƙasa da shi, ja.

Amma abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan, shi ne ko sau ɗaya ba a ambaci hular kwano ba. A 1935 ne wani tsohon hafsan Birtaniya, T. E. Lawrence, ya faɗi a babur ya mutu saboda rauni a ka, ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya duƙufa bincike kan lamarin, zuwa 1941 rundunar sojin Birtaniya ta wajabta wa masu tuƙa babur ɗinta sa hular kwano. Kuma mutane da yawa ba su san yadda take aiki ba, gani suke ƙwarin bayan ne ke kare kai. A'a, farin soson nan mai tauri da ke ciki shi ne ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa, don haka hular da ta taɓa shan ƙasa da ƙarfi ta gama aikinta ko da ba ka ga tsagewa ba, canzawa ake yi. Sannan kullum za ka ga mutum ya kifa ta a ka igiyar haɓa na reto, wai zafi, ko ya rataye ta a hannun babur. Wallahi in aka yi karo hular ce za ta riga shi tashi. Ta masu gini ma haka, madaurin ciki ne ke barin rata tsakanin kwanon da ƙoƙon kai, wanda ya cusa hana-sallah a ciki ya toshe ratar ya cuci kansa.

Ko malafa ma ba ta samu shiga ba, alhali a Ostareliya, inda kansar fata ta yi yawa, makarantun firamare da dama ba sa barin yaro ya fita wasa a rana sai da hula mai faɗin baki, don hana-sallah ba ta rufe kunne da ƙeya.

Don Allah in za ku sake waiwayar batun nan ku nemo likitan ƙwaƙwalwa da jami'in kiyaye haɗurra su yi bayani, a sa hoton yadda ake ɗaure igiyar daidai.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku a kullum