Wasiƙa zuwa ga ɗana kan darasin tsara manhaja

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan gida. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, kuma na ga kukan da kake yi cewa malaminku na C, yaren rubuta manhajar kwamfuta, yana tilasta muku rubuta matakan aiki da kalmomi na yau da kullum, ku kuma zana taswirarsu a takarda, kafin ya bar ku ku taɓa kwamfuta. Ɗana, a kan wannan ina bayan malaminka. Kwamfuta ba ta gyara wa kowa tunani, abin da aka umarce ta shi take yi, ko da kuwa kuskure ne.

Ɗauki aikin da ka ambata, na nemo mafi girma cikin lambobi goma. Yawancin ɗalibai sukan fara da cewa mafi girma sifili ne, sannan su riƙa gwada sauran da shi, kuma amsar takan fito daidai har ranar da aka ba su lambobin da duk suke ƙasa da sifili, sai manhajar ta ce sifili, alhali babu shi a cikin jerin. Da sun bi taswirar da fensir, suna rubuta abin da ke cikin kowace ma'ajiya, wato inda manhaja ke riƙe lamba, duk lokacin da suka iso mahaɗar tambaya mai hanya biyu, da sun gane cewa lambar farko ta jerin ita ya kamata a fara riƙewa. Wannan bibiya da hannu nake so ta zame maka jiki.

Ka ɗauki jeri, wato ma'ajiyoyin da manhaja ke jerawa a wuri ɗaya, tamkar layin shaguna a kasuwa, manuni kuwa takarda ce da aka rubuta lambar shago a kai, wato adireshinsa, ba kayan da ke ciki ba. A C ƙirga tana farawa daga 0, saboda haka jeri mai gida goma a 9 yake ƙarewa. Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙiro yaren a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1972, bai sa masa mai gadin iyaka ba, don haka idan ka rubuta a gida na 10 babu mai hana ka, sai dai ka ɓata abin da ke maƙwabtaka. Irin wannan ƙetare iyaka na daga cikin kafofin da manhajar ɓarna da ake kira Morris ta bi a 1988 ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet. Kada kuma ka bi manunin da ba ka ba shi adireshi ba tukuna.

Aikin musanya lambobi biyu ya fi kowanne koyar da manuni: idan ka miƙa lambobin ga sashen manhajar da ke yin musanyar, kwafinsu kawai zai juya, sai ka miƙa adireshinsu canjin zai tabbata. Ka zana shi da akwatuna da kibiyoyi har ka gani da idonka.

Na san akwai manhajojin da za su rubuta maka amsa nan take, akwai kuma abokai masu bayar da nasu a kwafa. Ka guje su a wannan zangon, domin ranar jarrabawa kai da takarda za ku zauna. Idan kun samu hutu ka taho da littafinka mu bi taswirorin tare. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.