Maganar Alƙur'anin Malam

Salamu alaikum mutumina, ya Yamai, ya su Maman yara? Tun da ka buɗe shagon nan ka daina ɗaga waya, to na gaji da jiranka.

Ka tuna Alƙur'anin nan na rubutun hannu da ke rataye cikin gafaka a ɗakin Malam, wanda ake hana mu taɓawa? Tun bayan arba'in ɗinsa Baba Ƙarami ya dage wai a zamanin Shehu ɗan Fodiyo aka rubuta shi, har ya kawo wani dillalin kayan tarihi yana tayawa, wai akwai mai saye a waje. Wallahi raina ya ɓaci, kayan gado ai ba akuya ba ne da za a ja kasuwa. Na kai shi wajen wani malamin jami'a da ya san tsofaffin rubuce-rubuce, bai ma kalli tawadar ba tukuna, warƙa ɗaya ya zaro ya ɗaga ta saitin taga, sai ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, wata warƙar kuma ga A da G. Ya ce takardar Italiya ce ta gidan Andrea Galvani, fatake ke ƙetaro hamada da ita daga Tarabulus har Kano, kuma irinta ba ta yawaita a ƙasar nan ba sai can bayan rasuwar Shehu a 1817. Warƙar ƙarshe inda ake sa tammat da sunan marubuci kuwa gara ta cinye rabinta, nan ne abin ya fi yi min ciwo.

Har azurfar Inna mai kan mace na nuna masa, da take cewa ai ga 1780 a jiki. Ashe tsohon kuɗin azurfa ne mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Austriya, duk wadda aka buga daga baya wannan shekarar ake sa mata.

Af, Ɗanliti zai yi ta biyu bayan salla, kai kana nan kana lissafin ribar atamfa.

Don Allah ka je wajen Kawunka, shi ya yi karatu a zauren Malam, ka tambaye shi ko ya taɓa jin wanda ya rubuta shi, ni zuciyata na ba ni kakan Malam ne. Ka ɗauki muryarsa a waya ka turo min ta WhatsApp kafin Baba Ƙarami ya sake kawo dillalin nan.