Amsa ga Malamin da ya tambaye ni nawa aka biya ni

Assalamu alaikum, Malam.

'Yata ce ta kawo mini wayarta bayan sallar isha'i ranar Talata. Ta miƙo mini ba ta ce uffan ba, ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana kallon ƙasa. A nan na ga tambayarka a ƙarƙashin rubutun da na yi kan cocin Firesbiteriya ta Amurka: wai in fito in gaya wa jama'a nawa 'yan mishan suka biya ni na wanke su, kuma tun yaushe Musulmi ya zama maroƙin coci. Kana da lambar wayata, ka san ƙofar gidana, ka ci tuwo a zaurena. Tunda a bainar jama'a ka zaɓi ka tambaya, a nan zan ba ka amsa.

Ba wanda ya ba ni ko sisin kwabo. Ban taɓa zama da ɗan wannan coci ba, ban san ofishinsu ba. Shekara talatin da ɗaya na yi riƙe da alli, ɗaliban da suka bi ta hannuna suna nan da ransu, har da ƙannenka biyu. Ka tambaye su ko an taɓa jin na sayar da maki, balle addinina. Wannan kalma ta "nawa aka biya ka" ta fi mini ciwo fiye da duk sauran abin da ka rubuta, domin yarinyar nan da ta tsaya a bakin ƙofa ita ce ta shiga aji washegari ƙawayenta suna tambayarta ko da gaske ne abin da ake faɗa a kan babanta.

Ga abin da na rubuta, saboda waɗanda suka ga zarginka ba su ga rubutun ba. A watan Yunin 2014, babban taron wannan coci ya zauna a birnin Detroit, ya yanke shawarar janye jarinsa na kimanin dala miliyan 21 daga kamfanoni uku, Caterpillar da Hewlett-Packard da Motorola Solutions, saboda ana amfani da kayansu wajen mamayar yankunan Falasɗinawa. Katafilar nan da muka sani, ita ake rusa gidajen mutane da ita a Gaɓar Yamma. Ƙuri'a 310 suka amince, 303 suka ƙi, tazarar bakwai kacal. Su cocinsu dattawa da fastocin da aka zaɓa ne ke taruwa su yi muhawara su kaɗa ƙuri'a, ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba, saboda haka kowa ya ga yadda gidan ya rabu biyu. Sun sha zagi a ƙasarsu, Netanyahu da bakinsa ya kira matakin abin kunya. Ba su ja da baya ba, a 2022 ma taron nasu ya kira abin da Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa da sunan wariyar launin fata. Na ce mutanen da suka taɓa aljihunsu saboda wanda ba addininsu ɗaya ba sun cancanci a faɗi abin da suka yi. Iyakar laifina ke nan.

Ka ce duk taimakon da suke yi tarko ne na jan mutane zuwa addininsu. Akwai masu raba magani da wannan niyya, ban musa ba. Amma ka faɗa mini Bafalasɗinen da aka ce sai ya bar Musulunci kafin a kaɗa waccan ƙuri'a.

Maganar wanke su kuwa, da ka karanta rubutun har ƙarshe da ba ka yi ta ba. Na ba da labarin zuwana Elmina a ƙasar Gana, lokacin da na je biki wurin dangin mahaifiyata a zangon Kumasi. Mun shiga ɗakin da ake tsare bayi mata kafin a loda su a jirgi, ɗaki mai duhu da ɗoyi, har yanzu numfashi na yi wa mutum wuya a ciki. Muka hau bene, sai ga ɗakin ibadar Turawan Holan, da ayar Zabura a saman ƙofa. 'Yan'uwan aƙidar Firesbiteriya ne suka yi addu'a a wannan ɗaki, mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Na rubuta wannan ban rage komai ba. Na kuma rubuta cewa cocin nasu a Amurka ya dare gida biyu a 1861 lokacin yaƙin da aka yi kan bauta, ba su sake haɗewa ba sai 1983.

Abin da ya sa na girmama su shi ne ba su ɓoye wannan tabo ba. A 2004 wakilan ƙungiyarsu ta duniya sun taru a Accra, suka je suka tsaya a wannan ɗaki na Elmina, suka dawo suka rubuta cewa tsarin tattalin arzikin da ke azurta 'yan ƙalilan ya bar sauran duniya cikin bashi da yunwa ya saɓa wa imaninsu. Kafin nan, a 1982 a Ottawa ta ƙasar Kanada, sun ayyana wariyar Afirka ta Kudu a matsayin ɓata a addini, suka dakatar da coci biyu na fararen fata daga cikinsu, suka zaɓi Allan Boesak, wani fasto ɗan Afirka ta Kudu mai yaƙi da wariyar, ya shugabance su. Hukunta ɗan gida ya fi zagin bare wuya, Malam, kai ma ka sani.

Ka yi karatu fiye da ni, ba sai na tuna maka aya ta 8 a Suratul Ma'ida ba, wadda ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Ka san kuma yabon da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Najjashi na Habasha, yana Kirista a lokacin, cewa ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Aƙidarsu tasu ce, tawa tawa ce, ban taɓa haɗa su ba.

Ni dai ban yarda kishin addini ne ya motsa ka ba. Tun ranar da na miƙe bayan sallar Juma'a na nemi kwamitinku ya karanta mana lissafin kuɗin da aka tara wa mutanen Gaza, gaisuwarmu ta canza. Na ga tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin masallaci ta kwance bakin zanenta ta zuba cinikin ranar a cikin kwali. Wata goma sha ɗaya ke nan ba a ce mana ga inda kuɗinta ya shiga ba. Wannan ciwo ya wuce unguwarmu. Mun iya huɗuba mai sa kuka, mun iya zanga-zanga, amma da wuya ka ji ƙungiyarmu ta zauna ta binciki inda ta ajiye dukiyarta da wanda ke cin ribarta, ko ta buga lissafinta kowa ya gani. Wanda ya tambaya kuma sai a nemo masa suna: yau ɗan koren Yahudawa, gobe yaron 'yan mishan. Da haka ake rufe bakin masu tambaya, kuma da yawa sun yi shiru saboda tsoron irin abin da ka yi mini.

In kana da shaidar cewa an biya ni, kawo ta gaban limaminmu da dattawan unguwa, zan zo in zauna. In babu, ka janye maganar a inda ka yi ta, yadda 'yata za ta gani. Ranar Juma'a mai zuwa kuma, in Allah ya kai mu, zan sake miƙewa in nemi a karanta lissafin nan.

Wassalam.