Cibiyoyin binciken kamfanonin waje sun iso Akra, to yaran zango fa?

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan manyan kamfanonin duniyan nan da ke zuwa ƙasashenmu suna buɗe cibiyoyin bincike, don duk sanda aka taɓo maganar a rediyo sai murna da tafi kawai, ba mai tambayar su waye ke aiki a ciki, kuma me zai rage mana ranar da suka tattara nasu ya nasu.

Ni dai ba na ƙin zuwansu, gaskiya ma na ji daɗi sosai a 2019 da Google ya buɗe cibiyarsa ta binciken ƙirƙirarriyar basira a nan Akra, ita ce ta farko da ya yi a duk Afirka, kuma ɗan Senegal ne Moustapha Cissé ya shugabance ta, musulmi baƙin mutum irinmu. Aikin da suka yi ma ba na wasa ba ne, a 2021 suka fitar da taswirar gine-gine miliyan 516 na Afirka da kwamfuta ta gano daga hotunan tauraron ɗan Adam, kyauta ga mai so. Wanda ke zaune Nima ko Mamobi ya san darajar wannan, unguwanninmu gida kan gida ne lungu kan lungu, ruwa ya sauko babban gota ya cika ba a ma san gida nawa ne ke bakinsa ba, kuma ba wanda ya manta 3 ga Yunin 2015 da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, babban shataletalen Kwame Nkrumah da ke nan Akra, aka rasa mutum sama da 150, Allah ya jiƙansu. In hukuma ta ɗauki irin wannan taswirar ta yi aiki da ita rayuka za a ceta.

Amma fa kamfani ba don sadaka yake ƙetare teku ba. Yana zuwa ne don albashin injiniya a nan bai kai na Amurka ba, don yana son ya san kasuwarmu da harsunanmu ya gyara hajarsa ta shige mu, don kuma ya kwashe yara masu ƙwaƙwalwa tun kafin abokin gasarsa ya riga shi. Abin da aka gano a ɗakin binciken kuwa takardar mallakarsa da sunan kamfanin ake yinta, riba can hedkwata take tafiya. Ba laifi ba ne, kasuwanci ne, sai dai mu sani cewa kayan aro ba ya rufe katara. Microsoft ya buɗe cibiyoyi a Nairobi da Legas a 2019 da alƙawarin dala miliyan 100 cikin shekara 5, a 2024 sai ya rufe ta Legas. A nan garin ma mun gani da idonmu, Twitter ya zaɓi Gana a 2021 ya zama mazauninsa a Afirka, har shugaban ƙasa na lokacin Akufo-Addo ya fito yana maraba, a Nuwamban 2022 bayan Elon Musk ya saye kamfanin aka sallami kusan kowa a ofishin, suka fi shekara suna bin haƙƙinsu. Wannan ba ɗakin bincike ba ne amma hukuncin ɗaya ne, can nesa ake yanke shi ba a shawara da kowa a nan.

Ƙasashen da suka ci moriyar abin nan da shiri suka tarbe shi. Indiya tun 1951 ta fara gina manyan makarantunta na fasaha, shi ya sa da kamfanin Amurka na Texas Instruments ya sauka Bangalore a 1985 ya tarar da injiniyoyi a ƙasa suna jira, daga nan sauran kamfanoni suka biyo sahu. Microsoft ya buɗe cibiyar bincike a Beijing a 1998, da yawa cikin waɗanda suka goge a can su ne daga baya suka riƙe manyan kamfanonin Sin na kansu. Ashe ribar a jikin mutanen da aka horar take, su ke fita su kafa nasu.

To mu ina namu? Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a unguwar nan, kuma wallahi abin yana ci mini rai. Ina da yara masu kai, yaron da ya haddace izu sittin kafin ya kai shekara 15 lissafi ba zai gagare shi ba, amma da ya gama sai a ce ya bi kawu kasuwa ko ya fara neman hanyar Libiya, yarinya kuma a fara maganar aure, sauran suna bes, wato majalisar samari, ana dafa ataya har dare. Tun 2017 sakandare kyauta ce, amma ɓangaren kimiyya namu kaɗan ne ke zaɓa don ba wanda ya taɓa nuna musu inda hanyar ke kaiwa. Waɗannan cibiyoyin masu digiri na biyu da na uku suke ɗauka, hanyar ta jami'ar Legon da jami'ar KNUST ta Kumasi take bi, ba ta da gajeriya. Ko Hausarmu ta Gana, ka gwada yi wa wayarka magana yadda muke yi a Sabon Zango ko Aboabo ka ga yadda za ta rikice, tun 2013 Hausa ke cikin manhajar fassara ta Google amma ta Kano ta sani, kuma ba mai gyara wannan sai ɗan zangon da ya zauna a kujerar bincike.

Gwamnati ma da nata. Muna da cibiyar binciken koko ta Tafo tun 1938, ga cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Legon tun 1979, ga ta binciken cututtuka ta KCCR a Kumasi, lokacin korona su biyun nan na ƙarshe suka ɗauki nauyin gwaji, waɗannan su ne ba za su tashi su bar mu ba. Tarayyar Afirka ta ce kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a bincike, mu ba mu kai ba, an yi dokar asusun bincike na ƙasa a 2020, to a zuba masa kuɗi na gaske. Asusun raya zango da aka yi dokarsa a 2017 shi ma ya ware tallafin karatu musamman don masu lissafi da kimiyya, kuma duk kamfanin da za a yi wa sassaucin haraji a rubuta masa ɗalibai nawa zai horar a shekara.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka gayyato ɗaya daga cikin masu binciken nan cikin shirinku, a yi masa tafinta in ba ya jin Hausa, ya faɗa wa iyaye darasin da yaro zai zaɓa tun daga sakandare da inda ake samun tallafin karatu, a sa shirin da yamma bayan la'asar lokacin da iyaye mata ke kusa da rediyo. Limamanmu ma su taimaka da sanarwa ranar Juma'a. Ni zan tara yaran ajina mu saurara tare in sha Allahu.

Naka mai saurare a kullum,
wani malamin makaranta daga Nima, Akra