Sanarwa kan ziyarar makarantar ƴan mata ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. To maganar makarantar kuɗin nan ta ƴan mata da muka daɗe muna yi dai ta tabbata, shugabar ta ce mu zo Asabar ƙarfe 10 na safe, za mu haɗu a bakin get, don Allah banda lattin nan namu.

Masu yara ƴan aji 6 na firamare ku taho da su, su ma su gani da idonsu tunda su za su zauna can shekara 6 daga JSS1 har SS3. Kuma kar mu tsaya a ofis ana ba mu lemo, mu shiga ɗakunan kwana, mu leƙa bayi da kicin, mu ga ko akwai ruwa, mu ji wa ke kwana da yaran da dare. Ni wallahi hirar ɗaliban ta fi mini jawabin malamai, yaro ba ya iya ɓoye yunwa. A tambayi sakamakon WAEC da NECO na bara, da kuɗin zango gaba ɗaya har yunifom da littattafai.

Mai zuwa ta rubuta sunanta kafin Alhamis saboda mota.